Bangon da Baba Sule Ya Bari Rabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni, Sarkin Masu Fenti na Kumasi, daga Suame har Kejetia, ina sanar da jama'ar zango cewa Baba Sule mai fenti ya riga mu gidan gaskiya. Ina kasuwa wurin sayen bula, garin shuɗin fenti, labarin ya same ni. Sai ga ni zaune a kan buhun gawayin wata mata.

Baba Sule ba ya ɗaukar buroshi sai ya zauna a ɗaki ya ga ta inda rana ke shigowa. Yakan ce, "Fari a sama, shuɗi a ƙasa, sai ɗaki ya yi numfashi." Wani mai shanu ya taɓa neman ja da baƙi a ƙofar gidansa. Baba ya ce, "A ƙasar Asante? Kafin azahar maƙwabta sun cika maka gida da gaisuwar mutuwa." Ranar da wani shaƙiyyin yaro ya shafa wa akuyar Baba shuɗi a gemu, dubawa kawai ya yi ya ce, "Ya yi duhu, ƙara farar ƙasa."

Ajali ya same shi bangon ɗakin Alhaji Mamman na rabi. Alhaji na hanyar dawowa daga Makka, kuma ba a yi masa wasa. In bangon ya fito kala biyu, babu gidan da zai sake kiran yaran Baba. Awon bular kuwa a idon Baba yake, ya tafi da shi.

Na shiga ɗakin ni kaɗai. Ga inda buroshinsa ya tsaya, ga sawun yatsunsa a gefen taga. Na dama fenti, na shafa. Nawa ya fito kamar hadari kusa da nasa. Na ruga wurin matarsa Inna Hawa, tana takaba.

"Inna, na kashe sunan Baba!"

"Kai mai bakin nan, yau kuka? Yaushe ka shafa?"

"Yanzu."

"To, zauna. Shi ma ba ya kallon bango sai ya bushe."

Na zauna ina karanta duk surar da na haddace. Da la'asar nawa ya washe, ya matso kusa da nasa, amma wani siririn layi ya ƙi ɓacewa. Rannan sai Alhaji ya dawo, ya shiga ɗakin. Ya daɗe yana kallon layin.

"Nan Sule ya tsaya?"

"Nan ne, Alhaji."

"Kada wanda ya rufe shi. Gobe ka kama zaure."

Allah Ya jiƙan Baba Sule, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya ba Inna Hawa da 'ya'yanta haƙurin rashi. Amin.

Babu wani Sarkin Masu Fenti. Ni Ɗanjuma ne, mai wanke wa Baba bokiti. Har yanzu tsoro nake ji, don kore Alhaji yake so a zauren, ni kuwa ban taɓa dama kore ba.