Rigar Lawali

Da safiyar Asabar ɗin masa nake toyawa. Sadakar shekara ce ta ɗana Lawali. Gidanmu can sama yake, cikin dogayen benayen unguwar Minguettes, nan ƙasar Turawa. Ni da ɗiyata Rakiya muka yi ta sauke kwanuka ta matakala, tana mita wai na zuba mai kamar ba saye ake ba.

Lawali ɗaukar kaya yake a wani sito. 'Yan sanda suka tare shi, wai duba takardu. Washegari suka ce zuciyarsa ce ta tsaya a ofishinsu. Yaron da ke buga ƙwallo kowace Lahadi, wai zuciya. Aka kai gawa gida Damagaram, can aka rufe shi. Ban ga kabari ba. Abin da suka maido mini rigar sanyinsa ce, cikin leda. Ban taɓa wanke ta ba. Ƙamshinsa na nan a wuyanta, kuma shi ke nan abin da ya rage mini.

Abokansa suka zana fuskarsa a bangon ƙasan benenmu, suna ajiye kyandir da furanni. Da farko na ƙi. Mu kyandir da furanni ba mu san su ba, addu'a muka sani. Amma da babu gara ba daɗi. In zan je kasuwa sai in tsaya in yi masa Ƙulhuwallahu. Rakiya ta taɓa nuna mini a waya, wai can Ostireliya haka 'yan asalin ƙasar ke yi wa nasu da suka mutu a hannun 'yan sanda. Na ce, ashe muna da yawa. Ban ji sanyi ba.

Ranar sadakar abokan suka roƙe ni rigar. Ni da kaina na rataye ta a ƙusa, ƙarƙashin fuskarsa.

Bayan azahar filin gaban benenmu ya cika. Liman ya yi addu'a. Maigidana, Malam Isa, na kan kujera. Shekarun da ya yi a masana'anta sun cinye masa ƙirji, numfashi da ƙyar.

Gab da la'asar motocin 'yan sanda suka iso. Ƙarar ƙofofinsu na fara ji, ɗaya bayan ɗaya. Sai kwalba ta fashe. Wallahi ban san wanda ya jefa ba. Lasifika ta ce, "Ku watse!" Kafin mu miƙe, barkonon tsohuwa ya rufe fili. Kwanukan masa suka kife. Mata na tari, ana taka takalma.

Malam Isa ya faɗi. Bakinsa a buɗe, iska ba ta shiga. Na sa hannu biyu a hammatarsa. Ta cikin hayaƙin ina hangen rigar, kusa ƙwarai, iska na kaɗa hannunta ɗaya.

"Inna, mu tafi!" Rakiya ke nan.

Muka tafi.

Ƙofar benenmu 'yan sanda sun tare ta da garkuwa. Tram, jirgin da ke bin titi, ya daina tafiya. Muka ja Malam da ƙafa har bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wata Balarabiya ta jiƙa gyalenta ta ɗora masa a hanci. A likita aka sa masa iska. Da magariba muka ji an ƙone motoci a unguwa. Likita ya ce kada ƙirjin nan ya koma can.

Da aka sallame shi, muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, wurin ƙanensa a Saint-Denis. Ɗaki ɗaya aka ba mu. Har yau nan muke.

Bayan sati Rakiya ta koma kwaso kayanmu. Ta tarar an shafe bangon da fenti mai ruwan toka. Ƙusar ma an cire. Ta tambayi masu shara, suka ce duk abin da ke filin, motar shara ta kwashe.

Ledar rigar tana can kan gadona inda na bar ta. Ita Rakiya ta kawo mini. Na jira kowa ya fita, na buɗe, na sa hancina ciki. Warin leda kawai na ji.