Ranar Da Na Nome Gambar Iyaka

Ranar wata Laraba ce da hantsi, tsakiyar damina, shekarar da zan shiga aji shida na firamare, na fara ganin jinin mutum yana zuba a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ina tsugune a gindin ɗorawa ina shan fura a ƙoƙo, Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, yana duƙe yana maimai cikin gero. Sai ga Ɗanladi, maƙwabcin gonarmu, ya keto da sauri, samarin 'ya'yansa biyu na biye da shi da sanduna. Bai yi sallama ba. A ƙauye idan mutum ya shigo gonarka babu "sannu da aiki", to ka san ba alheri ya kawo shi ba. Kawu ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ce, "Lahiya, Ɗanladi?" Ɗanladi ya ce, "Lahiyar ke nan, ɓarawon iyaka!" Ya ɗaga hauya ya sauke masa ƙotar a gefen kai. Har yau ina jin ƙarar nan, kamar an fasa ɗanyen duma.

Kawu ya durƙusa, jini ya wanke masa kunne da wuya. Na ɗauka ya mutu. Amma sai ya rarumi ƙafafun Ɗanladi ya maka shi a kan kunya, ya danne shi yana shaƙe masa wuya, samarin nan kuwa suka rufe shi da duka ta baya. Ni ihu kawai nake yi, ƙoƙon yana hannuna na kasa ajiyewa. Mazan gidanmu da ke noma a gonar da ke kusa suka sheƙo, wani da gatari, wani da lauje. Na ga an make babban ɗan Ɗanladi da ƙotar gatari a hannu, hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Na ga haƙori a ƙasa, ban san na wane ne ba. Kafin dattawa su iso su raba, an tattake geron da ya kai ƙirjin mutum, fili guda ya zama kamar masussuka. Ana janye Ɗanladi yana tofar da jini yana faɗin magana ɗaya: Idi ya cire gambar iyaka don ya ci masa gona. Duk wanda ke wurin mamaki yake yi, har shi Kawun. Ni kaɗai na san wanda ya cire gambar, domin ni ne.

A Ƙofar Kaura aka haife ni, cikin birnin Katsina. Mahaifina tela ne, bai da gona ko ta taki ɗaya, shi ya sa duk dogon hutu yake ɗora ni a bayan a-kori-kura zuwa ƙauyen su mahaifiyata, yamma da birni. Cewa yake, "Je ka ga inda tuwo ke fitowa." Inda mota ke sauke mutum, sai ya yi tafiyar ƙasa mai nisa cikin burtali kafin ya hango rumbunan garin. Gidaje ba su fi a ƙirga da yatsu ba, rijiya ɗaya, masallaci ɗaya na ƙasa. Kakata, wadda kowa ke kira Iya, ita ke tarbata a bakin danga da tsiya. "Ga maigidana ya zo, ko goro bai riƙo mani ba. Ni wanga miji sakina zai yi ko riƙona?" Sai ta kama ni ta shinshina kaina ta ce warin sabulu nake yi.

Ina son ƙauyen, amma ƙauyen bai ɗauke ni a bakin komai ba. Da asuba a kunce awaki, a share turke, a jawo ruwa da gugar da nake jin kamar za ta ja ni cikin rijiya. Da rana a kai fura gona, a yiwo wa jaki ciyawa. Da yamma yara su taru a dandali a yi langa da kokawa, ko a tafi harbin kurciya da danƙo. A langa ni ake fara kayarwa, a kokawa ƙananan yara ma layi suke bi su buga ni da ƙasa. Sunana kuwa ya ɓace, sai "ɗan birni". Ban iya bambanta gero da dawa suna ƙanana ba, na taɓa tsinko ƙarangiya da hannu don na ga tana da kyau. Idan aka ba ni hauya, kafin in gama kunya ɗaya Kawu ya gama biyar, ya waiwayo yana dariya ya ce, "Ɗan birni, noma kake ko susa kake wa ƙasar?" Ba da mugunta yake faɗa ba, amma abin na ci mini rai. Tun ina yaro ba na son a raina ni, kuma wannan hali ne ya jawo komai.

Ranar Talata Kawu ya tafi cin kasuwa. Ya bar mini hauya, ya nuna mini kunyoyin ƙarshen gona ta yamma, ya ce in yi abin da zan iya. Na ƙudurta a raina yau sai ya dawo ya yi mamaki. Na gama kunyoyin da aka ba ni kafin azahar. Da na ɗaga kai sai na ga wata ciyawa doguwa, kore shar, curi-curi a jere tun daga nan har bakin wani kalgo. Na ce a zuciyata, ashe manoman ma ragwaye ne, dubi ciyawar da suka bari. Na faɗa mata da sara. Tauri gare ta, ganyenta kuma kaifi kamar reza, duk inda na kama sai ya tsaga mini tafi. Ban fasa ba. Na bi ta curi bayan curi har kalgon, na tattara na jibge a gefe wuri guda don Kawu ya gani ya yaba. Na koma gida ina taƙama ban faɗa wa kowa ba, so nake ya gani da idonsa. Washegari kuwa ta gabas Kawu ya fara aiki, gero ya kare masa ƙarshen gonar. Ɗanladi ne ya riga shi gani.

Abin da ban sani ba, wanda ko yaron da aka yaye jiya a ƙauyen ya sani, shi ne gamba ba ciyawar banza ba ce. Dasa ta ake yi a kan iyaka. Ba ta mutuwa, rani ya ƙone ta, damina ta tsiro a inda take, shi ya sa ita ce shaidar da ke tsakanin gona da gona. Da kaka a yanke ta a yi zana, amma da damina babu mai taɓa ta. Wannan layin kuwa ya fi kowane zafi, domin tun zamanin iyayen su Kawu da Ɗanladi an taɓa zubar da jini a kansa, dattawan lokacin suka sasanta, suka dasa gambar da hannunsu. A wurin Ɗanladi, wanda ya sare ta ya tono tsohuwar gaba ke nan.

Aka ɗauko Kawu a amalanke. Wanzami ya aske gefen kan, ya wanke, aka ɗaure da tsumma, sannan aka goya shi a babur zuwa sha-ka-tafi na babban gari. Kafin la'asar garin ya rabu biyu. Samarin gidanmu suka shiga dawar Ɗanladi da adda suka kwantar da kunyoyi da yawa. Su kuma 'yan gidan Ɗanladi suka iske jakin Kawu a ɗaure a bakin burtali suka sare masa agara. Na ga jakin nan yana jan ƙafafun baya yana kuka, har aka zo aka ƙarasa shi. Mata suka daina haɗuwa a rijiya. A zaurenmu ina jin ana wasa gatari a kan dutse, wani yana cewa idan Idi ya mutu, rumbu ko ɗaya ba zai kwana a tsaye a gidan Ɗanladi ba. Mai'unguwa ya aiko cewa gobe da safe za a zauna. Kowa ya san idan aka tashi zaman nan ba a gano wanda ya cire gambar ba, ko dai Kawu ya ɗauki sunan ɓarawon iyaka har kabarinsa, ko kuma a yi gawa. Ni kuwa na ɓoye laifina. Tsoro nake ji, kuma gaskiya ita ce na yi tunanin in lallaɓa in bi burtali in koma birni.

Iya ce ta kama ni. Da safe ta aike ni rijiya, na kasa riƙe igiyar guga, na dawo da tulu ba ruwa. Ta kamo hannuwana ta buɗe, ta daɗe tana duban tsage-tsagen nan da suka kumbura. Ta ce, "Maigida, mi ya yanke ka haka? Gero ba ya wanga yanka." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kalle ni." Na kalle ta, sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa mata komai, har da jibgin da na yi don a yaba mini. Mari ɗaya ta yi mini, wanda sai da na ga wuta. Daga nan ta yafa zane, ta riƙe kunnena, muka ratsa garin har ƙofar mai'unguwa, inda maza ke zaune gida biyu, kowa sanda a gefen ƙafarsa.

Na faɗa a gaban jama'a. Ɗanladi, leɓensa a kumbure, ya yi tsaki ya ce, "Ashe Idi ya koma ɓoyewa bayan yara. Ku nemi wata ƙaryar." Wurin ya fara hayaniya, wasu har sun miƙe. Mai'unguwa tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya ce kowa ya bar sandarsa a nan, a tafi gonar. Da muka isa ya tsuguna a farkon layin, ya sa yatsa ya tone ƙasa kaɗan, sai ga kututturen gamba da saiwarsa daram. Ya matsa gaba ya tone, ga wani. Haka ya bi har kalgo, babu curin da ya ɓata. Sara kawai na yi daga sama, ban san ana tonewa ba. Ya kakkaɓe hannu, ya nuna jibgin da na yi a fili, ya ce, "Ɗanladi, tare kuka tashi da Idi, ka san nomansa. Da shi ya yi niyyar cin iyakarka, da har saiwa zai tone, ya huɗe wurin, ya ɓatar da ganyen. Wanga aikin wanda bai san gamba ba ne." Ɗanladi ya dubi saiwar, ya dubi tafin hannuna da Iya ta ɗaga sama, sai ya zauna a kan kunya ya dafe kai.  Abin da ya fara cewa shi ne, "Ina Idin yake kwance?"

Kawu bai mutu ba, amma kunnensa na hagu bai ƙara jin magana ba. Hannun ɗan Ɗanladi da aka ɗora ya warke a karkace. Ɗanladi ya ja nasa jakin ya ɗaure a turkenmu, mazan gidanmu kuma suka yi masa gayya a abin da ya rage na dawarsa. Gambar kuwa kafin hutuna ya ƙare ta tsiro, kore shar, a daidai inda take. Na zauna jiran dukan Kawu, bai zo ba. Ranar da ya fara fita, kansa a naɗe, sai ya ce in biyo shi. Muka zagaye gonar kaf, yana nuna mini shaidu ɗaya bayan ɗaya: ga kalgo, ga suri, ga dutsen da kakansa ya binne, ga gamba. Da muka dawo inda muka fara ya ce, "Ɗan birni, duk abin da ka gani a jere cikin gona, wani ya jera shi. Ka tambaya kahin ka sara."

Yau dillancin filaye da gidaje nake yi a Katsina. Da ƙafa na fara, ina bin manya a baya, har Allah ya sa na tsaya da kaina. Abokan sana'a suna cewa na cika bincike, domin ba na sa hannu a fili sai na taka kusurwarsa huɗu, na ga turakun siminti da idona, na kira maƙwabta kowa ya nuna iyakarsa da bakinsa. Na sha rasa ciniki saboda haka, ban kuma taɓa yin nadama ba. Na san abin da taki biyu na ƙasa ke iya sa mutanen kirki su yi wa juna.

Ƙauyen kuwa ya watse. 'Yan bindiga sun yi ta shiga har mutane suka gaji da binne 'yan'uwansu, kowa ya kama gabansa. Iya ta riga ta rasu, ba ta ga wannan ba. Kawu Idi yana gidana a Kambarawa, a ɗakin da ke kusa da zaure, Ɗanladi kuma yana wurin ɗansa mai karkataccen hannu, wanda ke acaɓa a gari. Duk Juma'a sai ya kawo shi, tsofaffin biyu su zauna a tabarma ɗaya suna lissafa gonakin garin da masu su, har waɗanda babu su. Bara na saci jiki na je ƙauyen da rana tsaka, ban ko kashe mota ba. Rumbuna sun rufta, rijiya ta cushe. Na nemi layin nan ban gane shi ba, domin gamba ta bazu ta cinye gonakin biyu, ta fi ni tsawo. Da na dawo Kawu ya juyo mini da kunnensa mai ji, ya ce, "Iyakar tana nan?" Na ce masa tana nan, Kawu, saiwar ba ta mutu ba. Ya gyaɗa kai, Ɗanladi ma ya gyaɗa. A da layi ɗaya na gamba ya isa a fasa kai, yau ga ta cike da daji, babu mai zuwa ya ce tasa ce.