Falalu a Gidan Malam Sayibu

Falalu ɗan dako ne a Kasuwar Makola, can a ƙasar da ya je neman abinci, har ranar da buhun masara ya faɗo masa a baya, ƙafafunsa suka mutu. Malam Sayibu, limamin wani ƙaramin masallaci a unguwar Maamobi, ya kai shi gidan da yake riƙon makafi da guragu saboda Allah. Shekara goma sha ɗaya Falalu ya yi a can. Kullum bayan sallar asuba sai a ba su koko, a fito da shi gindin mangwaro yana tufkar igiya, makafi suna taya shi hira.

A ƙarshen 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Malam Basakkwace ne, haka ma Falalu, kuma ba su da takarda. Malam ya samu wuri a wata babbar mota mai kwasar mutane zuwa gida.

"Malam, ku tafi da ni," in ji shi.

"A tsaye za mu yi tafiyar, Falalu. Babu wurin kwanciya a motar."

Malam ya bar amanarsu a hannun maƙwabciyarsa Azara, mai tuyar ƙosai. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma ciyar da mutum bakwai ya fi ƙarfinta. Makafin suka watse bara ɗaya bayan ɗaya, Falalu kuwa ba shi da halin bin su. Ya rasu kafin damina, mutum huɗu ne suka yi masa salla.