Wake Fari da Ja a Hannun Malam Isiyaku

Ina cikin aji a Gwaram direban motar kasuwa ya leƙo ta taga ya ce Malam Isiyaku mai gwajin jini na asibitin Birnin Kudu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli, kuma wallahi kunya ce ta riga baƙin ciki kama ni.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama na je masa da zancen aurena da Hadiza, 'yar kawuna ta Farin Dutse. Ya san amosanin jini ya kashe ƙannena biyu. Ya ɗiga jinina a gilashi, ya sa magani, ya nuna mini ta madubinsa yadda wasu ƙwayoyin suka lanƙwashe kamar lauje. Sai ya ɗebo wake fari da ja a tafinsa.

"Malam Garba, kowa ƙwaya biyu gare shi, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Kai fari da ja ne, shi ya sa kake lafiya. In Hadiza ma haka take, duk cikin da ja ya gamu da ja, yaron zai sha wuya. Kawo ta mu duba. Ni ba na hana aure, so nake mutum ya san abin da ya ɗauka."

Ta yaya zan dubi kawu in ce a gwada jinin 'yarsa? Ai kamar na zagi gidanmu ne. Na faɗa wa Malam Isiyaku haka, ya ce, "Jini ba ya jin nauyin kawu." Na fusata. Abin da ya fi muni, na baza a gari cewa shi ne ke son yarinyar.

Na auri Hadiza ba tare da gwaji ba. Ɗanmu Sani yana da shekara biyu hannuwansa suka kumbura, kuka ba tsayawa. Da ciwon ya tsananta muka kai shi Birnin Kudu, kaina a sunkuye. Aka ce sai an yi masa ƙarin jini. Malam Isiyaku ya gwada, ya ga nasa jinin ya dace da na yaron, ya naɗe hannun riga aka ɗiba. Bai taɓa tuna mini maganar ba, ko da ido. Kullum ina cewa gobe zan je neman gafara.

Ga ƙazafin, yau na janye shi a gaban jama'a: ƙarya na yi masa. Jibi zan kai ƙanena da wadda zai aura a gwada su, na kuma faɗa wa kawu maganar gwajin da bakina.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya marayunsa. Iyalin Malam, don Allah ku yafe mini abin da ban roƙe shi ba.