Gam Uku, Kofato Ɗaya

An daɗe ana yaɗawa a layin masu gyaran mota cewa Mai Faci ya cire wa goɗiyarsa ƙafafu ya sa mata tayoyi, kuma kullum da safe sai ya buga mata iska kafin ta ci ciyawa. Mai sayar da batir ya rantse ya ga bawul a gwiwarta. Wata mata ta ce ita da kunnenta ta ji goɗiyar tana hon. Ƙarya ce, jama'a, ko da yake ƙarya ce mai daɗin ji. Ƙafafun goɗiyar huɗu suna nan inda Allah ya dasa su. Takalmi ne kawai ya sa mata, guda ɗaya tak, a ƙafar gaba ta dama, kuma da gam ya liƙa shi. Sai dai kafin takalmin nan ya zauna, Mai Faci ya ga abin da bai taɓa gani ba a shekara talatin da ya yi yana sana'a.

Rumfarsa ta kwano ce, a bakin titi. Akwai injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da benci ɗaya, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda yake tsoma tiyub ya ga ta inda kumfa ke fita. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe ya bar shi. Yana yaro ya kwance rediyon mahaifinsu don ya ga mutumin da ke ciki. Da ya girma bai warke ba. Duk ƙusar da ya zare daga taya sai ya tambayi direba wace hanya ya biyo, sannan ya jefa ta a gwangwani. Ƙusoshin da ya tara yau za su rufe kasuwa guda har a samu canji.

Goɗiyar tana bayan rumfar. Ta-Baba ake ce mata, domin ita ce ta ja wa mahaifinsu amalanke har ya bar duniya. Abu biyu ya bar wa 'ya'yansa maza biyu, amalanken da ita. Amalanken ya ruɓe. Ita ta ƙi. Ta tsufa har haƙoranta sun kai tsawon yatsa, ba ta aikin komai sai zagayen yamma da Mai Faci ke kai ta, yana tafe yana ba ta labarin kwastomomi.

Wata rana takalminta na ƙarfe ya fita, ya tafi da ɓangaren kofaton. Aka kira maƙeri. Ya ɗaga ƙafar, ya ƙwanƙwasa, gari ya zubo masa a hannu.

"Ina zan buga ƙusa a nan?" in ji shi. "Wannan ai busasshen burodi ne."

Babu takalmi kuwa ba ta iya taka tsakuwa. Ta koma tsayuwa da ƙafa uku, tana rama. Yayan Mai Faci ya zo ya tsaya a kanta ya daɗe. Ba mugu ba ne, shi ya fara hawanta tun tana 'yar ƙarama.

"Ƙanena, ba zan iya kallon wannan ba," ya ce. "Ƙarshen wata, in ba ta taka zuwa mararraba ta dawo ba, zan kira mai motar nan."

Mai motar nan shi ne mai kwashe tsofaffin dabbobi. Kowa ya san inda yake kai su, kuma babu wadda ta taɓa dawowa ta ba da labari.

"Yaya, a ba ni dama."

"Na ba ka. Kwana goma sha tara ne."

Likitar dabbobi ce ta zo da dabarar. Ta kawo takalmin roba mai tauri, mai kunnuwa da ke hawowa gefen kofato, da gam fakiti uku, kowanne ruwa biyu da ake gaurayawa, da takardar bayani. Za ta tafi zagayen ƙauyuka inda ko waya ba ta shiga, sai bayan wata. Maƙeri ya ce shi wuta da guduma ya sani, kada a sa shi cikin wasan yara.

"Ka karanta takardar tukuna," in ji likita.

Mai Faci ya yi irin murmushin da babba ke yi wa ɗan ƙarami. "Likita, ni za a gaya wa gam? Da ƙanshi kawai nake gane wanda zai kama."

Washegari taubashinsa, ɗan gwaggonsa, ya zo kallo ya zauna a benci. Shi ne ya laƙa masa suna Injiniya tun ranar rediyo. Mai Faci ya nemi abin da zai kwaɓa gam a kai, ya ga takarda mai tsabta a cikin kwalin gam ɗin, ya shimfiɗa ta ya matse fakitin farko a kanta. Ya gauraya, ya shafa a takalmin. Sannan ya yi abin da hannunsa ya saba tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya ajiye ya jira. Mai faci ba ya manna abu gam na da danshi. Sai ya hura, ya yi hira, ya bari ya yi danƙo. Ya hura, ya gaisa da mai batir, ya sake hurawa. Da ya taɓa da bayan yatsa sai ya ji ƙwas.

"Injiniya, ya yi danƙon?"

Gam ya zama dutse. Takardar bayanin kuwa ta nannaɗe a ciki, ba mai sake karanta ta sai ranar tashin kiyama.

Wani zai yi baƙin ciki. Shi sai ya kai takalmin kuncinsa.

"Taɓa ka ji. Yana da zafi."

"Kunya ce ta kama shi a madadinka."

"A'a, tsaya. Namu gam iska ce ke busar da shi. Wannan daga cikinsa yake dahuwa, ba ruwansa da iska. Ashe shi ba ya jira."

Ya yini yana goge dutsen da magagari, fuskarsa cike da murna kamar wanda aka yi wa albishir.

A karo na biyu bai jira ba. Amma da yake shi mai tsabtar aiki ne, ya san datti ne maƙiyin faci, sai ya ɗebo ruwa a bokiti ya tsoma ƙafar Ta-Baba rabin awa, ya wanke da buroshi har kofaton yana ƙyalli. Ya goge da tsumma, ya kwaɓa fakiti na biyu, ya manna da sauri. Takalmi ya zauna daram. Kwana biyu Mai Faci yana tafiya kamar shi ya ƙera dokin gaba ɗaya. A rana ta uku da safe ya tarar da takalmin a gefen turke, goɗiyar tsaye da ƙafa uku tana dubansa irin duban da mahaifinsu ke yi masa.

"Ta cire ne za ta shiga ɗaki," in ji taubashi. "Tarbiyya gare ta."

Mai Faci ya ɗauki takalmin daga ƙasa. Saura kwana shida, saura fakiti ɗaya. Ya zauna a kan taya yana juya takalmin. Gam ɗin duk yana jikin roba, sumul, har da zanen layukan kofaton a kansa. A kofaton kuwa ko ɗigo babu. A sana'arsa in faci ya ɓare fes haka, ba laifin gam ba ne, jikin tiyub ne ya ƙi karɓa. To me ya hana kofato karɓa, bayan wankin da ya sha?

Ya tsinci wani ɗan yankin kofato da ya yanke ranar da ya wanke ƙafar, ya yanko roba daga tsohon tiyub, ya jefa su cikin kofin shayinsa da ruwa. Bayan rabin awa ya fito da su ya goge, ya naɗe kowanne a tsohuwar jarida ya danne da jak ɗin ɗaga mota. Da ya buɗe, wurin robar a bushe yake. Wurin kofaton ya jiƙe. Ya canza jarida, ya sake jiƙewa. Har azahar abin nan yana zufa.

"Yana shan ruwa," ya ce wa injin iska, don taubashi ya tafi cin abinci. "Shekara talatin ina wanke abin da ba ya shan ruwa."

Ya rufe rumfa ya nufi shagon matarsa. Gyaran gashi take yi da na farce, a wani ɗaki mai madubi uku. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

"Maman yara, abin busar da gashin nan naki nake son aro."

"Wane gashi ya rage maka?"

Ya yi mata bayani. Ta ajiye almakashi.

"Abin da nake kai wa kan mutane za ka kai ƙafar doki?" Ta juyo ta dube shi. "Wai da gaske jiƙa shi ka yi kafin ka sa gam? Ko yarinyar da ta fara koyon aiki jiya ta san ba a liƙa farce a kan jiƙaƙƙen yatsa. A bushe, a kankare, a goge da sifirit, kuma kada hannu mai maiƙo ya taɓa. Kofato ai farce ne."

"Farce ne?"

"To mene ne, taya?"

Ya daɗe yana kallon babban yatsansa. Matar da ake yi wa gashi ta ce tun da take ba ta ga namiji ya ga farcensa a karo na farko ba sai ranar.

Kwana biyu Ta-Baba ta yi a kan busasshen garin katako, ko raɓa ba a bari ta taɓa ta ba. A rana ta uku da hantsi matarsa ta zo da kanta, don ta ce in ta ba shi na'urar zai kwance ta ya ga mai hura iskar. Ta busar da kofaton har ya yi fari, ta goge da sifirit, ta sa mijinta ya wanke hannu sau huɗu. Aka ba taubashi ragama da aikin korar ƙuda. Mai Faci ya sunkuya, ya matse ƙafar tsakanin gwiwoyinsa, ya kwaɓa fakitin ƙarshe a kan fasasshen faranti, ya manna, ya naɗe da leda ya riƙe.

Wannan riƙon shi ne aikin. Ƙafar ba za ta taɓa ƙasa ba sai gam ya dahu. Ta-Baba kuwa da ta ji an ɗauke mata ƙafa, sai ta jingina da shi gaba ɗaya, ta lumshe ido. Nauyin buhu ashirin a kan ƙugun mutum mai shekara arba'in da biyar.

"Minti nawa?"

"Biyu," in ji matarsa tana duba waya.

"Wayar nan lafiyarta ƙalau?"

Zufa na ɗiga daga hancinsa. Ya ji zafin gam yana tasowa ta cikin ledar zuwa tafin hannunsa, ya ce a ransa, dahu, ɗan albarka, dahu. A minti na takwas ya sauke ƙafar a hankali. Shi kuma sai da mutum biyu suka miƙe shi.

Ranar ƙarshen wata Yaya ya zo da safe, wayarsa a hannu. Mai Faci ya kama ragama. Ta-Baba ta ɗora ƙafar a kan tsakuwa, ta tsaya kamar mai tunani, sannan ta ɗora ɗayar. Suka bi ta gaban mai batir, suka wuce masu fenti, kanikawa suna leƙowa daga ƙarƙashin motoci. Ta kai mararraba. A dawowa har da ɗan sauri, don ta hango dusa.

Yaya ya ɗaga ƙafar yadda mahaifinsu ke yi, ya ja takalmin da ƙarfinsa, ya sake ja. Ya sauke, ya shafa wuyan goɗiyar, ya juya musu baya ya kira lamba.

"Kada ka zo," ya ce. Ya share ido da hannun riga, wai ƙura ce.

Mai Faci ya ce kofato na tsiro, bayan wata ɗaya da rabi sai an cire an sake, kuma yana son ya ga yadda sabon zai fito. Ya zauna a benci yana dafe da ƙugu. Taubashi ya matso.

"Injiniya, ina taya ka murna. Shekara talatin kana gam, ashe sai da doki da mai gyaran farce suka sa ka aji ɗaya. Sau biyu kana faɗuwa jarrabawa a gaban jama'a."

Mai Faci ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Ni sau biyu na ɓata, na uku ya kama. Kai shekara arba'in gwaggo tana neman wurin aikin da za ta liƙa ka, an kankare, an goge, an shanya, ko sati ba ka taɓa kamawa ba. Tashi min daga benci, kwastoma zai zauna."