Watan da Kaka ta daina ba mu tatsuniya

A gidanmu na unguwar Katako, bayan magariba, Kaka takan tura ragowar gawayi tsakiyar murhu mu kewaye ta. Mutuniyar Maraɗi ce, kuma in ban yi kuskure ba, babu mai kama ta a tatsuniya duk layinmu. Amma kowace damina sai ta rufe baki wata guda. Takan haye gada zuwa Harobanda, can hayin kogi, ta wuni wurin tsofaffin Zabarmawa da Fulani masu nono, tana saurarensu. Matan gida suna cewa yawo ne kawai, ta ce su yi ta faɗi.

Na taɓa yi mata kuka a kan haka. Ta ce, "Maigidan, so kake in yi ta ɗumama maka tuwon bara? Bar ni in samo sabo."

Da ta dawo wata shekara, ta ba mu labarin wani madugu da ya san hanya ɗaya tak, da rijiyoyinta duka. Duk inda ayari ya yada zango, ƙanensa sai ya ɓace cikin daji yana hira da makiyaya, ana ta yi masa gorin rashin aikin yi. Ranar da suka tarar babbar rijiya ta ƙafe, madugu ya zauna bakinta yana rantsuwa cewa bara akwai ruwa. Ƙanen ne ya tuna wani tafki da makiyaya suka ambata masa, ya ja raƙuma can.

Yanzu ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da lissafi a wata lakwal mai zaman kanta. Makon jiya darakta ya ce in riƙe darussan hutu har Satumba. Ya ga littafin tarihin kogin Kwara a hannuna, ya tambaye ni cikin dariya ko kifi zan koya wa yara. Wataƙila yana da gaskiyarsa, ban sani ba. Abin da na sani, bana wata ɗaliba ta tambaye ni wa ya ƙirƙiro sifiri, na tarar ban taɓa karanta hakan ba.

Na ce wa darakta ba zan zo ba, karatu zan yi. Na ba shi haƙuri har sau biyu, amma ban janye ba. Mai yiwuwa in an koma ya ba wani ajina. To, ya ba shi. Wannan watan dai nawa ne.