Kofur Tackett Mai Ƙwanƙwasa Gilashi

Shekara ashirin da biyu ina sayar da kofi a kantin asibitin tsofaffin sojoji na garinmu a jihar Kentucky ta Amurka. Na ga 'yan sanda masu tsaron asibitin iri-iri, amma ban ga mai taurin kai irin Roscoe Tackett ba. Shi ma tsohon soja ne, a Iraƙi ya baro kunnensa na hagu, sai ka ɗaga murya yake ji. Tsofaffin ba sa ce masa ɗan sanda, Kofur suke kiransa, har kujera suka ware masa a teburinsu na cikin kantin.

Kullum sai ya zagaya wurin ajiye motoci, ba kuma wanda ya sa shi. Duk motar da ya ga mutum ya daɗe zaune a ciki, sai ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Wace runduna ka yi?" Da wannan tambayar ya sha janyo mutane su shigo ganin likita.

Doka ta hana shigowa da bindiga harabar asibitin, ko da a cikin mota ne. To, mutanenmu da bindiga kuwa, sai a hankali! Abin da 'yan sandan suka saba shi ne su raɗa wa mutum, "Je ka ajiye ta gida ka dawo." Ba rubutu, ba tonon asiri.

Wata Alhamis da hantsi ya ƙwanƙwasa motar Saje Hollis Pruitt, dattijon da ya yi yaƙin Vietnam, wanda matarsa ta rasu wata guda kafin nan. Ya tarar da shi cikin tsohon kakinsa, ya jera lambobin yabo a ƙirji, bindiga a kan cinya.

"Kofur, rufa min asiri, yanzu zan mai da ita gida," in ji Saje.

"Haba Saje, wa ke sa kaki don zuwa awon jini?"

"Kai, ina fagen fama ba a ma haife ka ba. Na yi maka alkawarin soja."

"Na ji, ranka ya daɗe. Miƙo ta tukuna."

Awa guda yana tsaye yana lallashi kafin Saje ya saki. Tackett ya rubuta rahoto, ya raka shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa, suka riƙe shi kwana tara.

Zo ka ga yadda teburin nan ya juya wa Tackett baya! Wai ya ƙaryata alkawarin soja, ya kunyata dattijo. Washegari suka ɗauke kujerarsa. Raina ya ɓaci, na ce musu, "Ji min tsofaffin nan! Gawarsa kuka fi so a fito da ita daga motar?"

Saje ya ci gaba da zuwa ganin likita duk Alhamis, ya wuce Tackett a bakin ƙofa kamar bai ga mutum ba. Shi kuwa sai ya zo wurina yana washe baki: "Earlene, kin gani? Ya zo. Ya yi ta tsanata, in dai zai riƙa zuwa."

Shekara biyu ana haka. Yau Alhamis ta uku ke nan Saje bai zo ba, an yi ta kiran wayarsa ba a ɗauka. Tsoro nake ji, Allah ya sani. Ɗazu na kai wa Tackett kofi bakin ƙofa, bai ko dubi kofin ba, idonsa na kan titi.

"Earlene," ya ce, "motarsa kawai nake so in gani ta shigo. Ko zagina zai yi, sai na ƙwanƙwasa."